Abin da Ba Ki Gaya wa Ɗan Farinki Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwar da ta haife ta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Inna, ni ce autarki Rakiya, nake rubuto miki daga Manchester.

Kwana uku bayan sadakar arba'in ɗinki na gane abin da ya faru. Da la'asar ne, ina kicin ɗin flat ɗinmu na Hulme, na zazzage jakarki ta Makka a kan tebur don in ware abin da za a bayar da abin da za a ajiye. Carbi biyu, kwalbar man zafi, katin GP, wato likitan unguwa, da tabarau ɗin nan da kike cewa bai ƙara miki komai ba sai nauyin hanci. A can ƙasa akwai wasu takardu a naɗe, an ɗaure da roba. Da na warware sai na ga kwafin fom ɗin binciken ido ne, wanda Yaya Nasiru ya raka ki kika amsa a Birmingham.

Kin san karatuna. Aji uku na sakandare na tsaya, sai ɗan Turancin da na tsinta a ajin manya na ƙaramar hukuma da wanda nake ji a wurin aiki. Amma wannan fom ɗin bai gagare ni ba. Kowace tambaya tana da gida biyar a gabanta. Gidan farko yana cewa babu wahala ko kaɗan. Na ƙarshe yana cewa na daina yin wannan abin saboda idona. Na ɗora yatsa na bi shafin farko har ƙasa, na juya na biyu, na juya na uku. Ko'ina gidan farko aka yi wa maki, da biron Yaya, layi guda ɗoɗar kamar an ja da zare.

Kina shan wahala wajen gane fuskar mutum daga nesa? Babu. Wajen sauka daga bene? Babu. Kina zama a gida saboda idonki? A'a. Kina bukatar taimakon wasu saboda idonki? A'a.

Na ajiye takardar na kama bakin tebur. Wannan matar da ke cikin fom ɗin ban san ta ba, Inna. Ba ita na yi shekara biyu ina riƙe wa hannu a bakin titi ba.

Bari in tuna miki yadda aka yi, domin wasiƙar nan ba ke kaɗai za ki ji ta ba. A shafina na intanet zan saka ta inda matanmu na nan da na gida suke karantawa, kuma na san Yaya zai gani.

Bayan rasuwar Baba, Yaya ne ya yi ta faɗi-tashin takardu har ya kawo ki ƙasar nan. Muka raba ki tsakaninmu, wata biyu a wurina, wata biyu a gidansa na Sparkhill. Yanar ido ta fito miki a duka biyun, kika ce kamar an shafa wa duniya koko. Lokacin da takardar asibiti ta zo kina wurinsa, can aka kai ki.

Da kika dawo kin ba ni labarin gwajin kina dariya. Tun da ba ki yi boko ba, ba su ba ki allon baƙaƙen Turanci ba, sai wani mai zane kamar cokali mai yatsu uku, wani ya kalli sama, wani ya kalli gefe, ke kuma kina nuna musu da hannu. Kika ce yau Turawa sun zaunar da ke kina nuna musu gabas da yamma kamar mai neman alƙibla. Na saman nan ƙato kawai kika gani. Sauran kika ce tururuwa ce.

A nan wata Baturiya daga jami'a ta tambaya ko za ki shiga bincikensu. Suna so su san yadda raunin ido yake taɓa rayuwar tsofaffi, ba abin da allo ya nuna kawai ba. Kika ce in dai zai amfani wani, Bismillah. Sun ce za su iya kiran tafinta ta waya. Yaya ya ce babu bukata, ga ɗanta a zaune.

Ni ma an tambaye ni kafin ranar. Ya kira ni ya ce ko zan zo, na ce ina da aiki a gidan tsofaffin da nake kula da su, kuma ai shi ne mai Turanci, shi ne akanta, ni me zan je in yi. Da bakina na faɗa. Wannan rabona ne na laifin, ba zan ɗora wa kowa ba.

Babu wanda ya tuna a cikinmu cewa shi ɗan farinki ne.

Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinki ba. A Kano ɗan Goggo kike ce masa, don ita ta raine shi daga yaye. Da muka zo nan ya koma mutumin Birmingham. In ya shigo ɗaki sai ki gyara mayafi ki karkata gefe. In ya bugo waya sai ki miƙo min ki ce, "Ki ce masa muna lafiya." Ko ciwon kai ba ki taɓa gaya masa ba. Ranar da haƙori ya kumbura miki kunci a gidansa, matarsa Anti Fa'iza ce ta gane, kuma sai da kika sa ta rantse ba za ta faɗa masa a gabanki ba.

Wannan mutumin muka zaunar a gefenki, a ƙaramin ɗaki, ga baƙuwa tana kallo, ya riƙa tambayarki da Hausa ko kina iya ganin kanki a banɗaki, ko kina jin kin zama nauyi a kan mutane. Me muka zaci za ki ce?

Ni kuwa kin gaya min komai, a kicin ɗin nan, ba tare da na tambaya ba.

Kin tuna ranar da kika zuba gishiri a kunun gyaɗa. 'Yata Amira ta kurɓa ta yamutsa fuska ta yi magana da Turancinta na 'yan Manchester, kika ce in fassara miki. Na ƙi. Kika ce ba sai na fassara ba, fuskar jikarki ce kawai ba kya gani amma kin ji sautin tofarwa. Muka yi dariya. Daga ranar ba ki ƙara taɓa tukunya ba, ke da kika ciyar da gida mai mutum goma sha.

Kin tuna Alƙur'aninki mai manyan baƙaƙe da Baban Amira ya sayo miki. Wata shida kika yi da shi a bakin taga, kina kai shi kusa da hanci. Wata safiya kika rufe, kika naɗe shi a ɗankwali, kika ce in ɗora a saman kabad. Kika ce abin da ke ka ya isa. Amma na sha jin kin tsaya a tsakiyar sura kina maimaita aya guda, babu inda za ki duba.

Kin tuna sunan da aka yi a zauren taro, inda wata ta ɗaga miki hannu daga nesa ba ki gani ba. Magana ta zagaya ta dawo mana cewa Hajiya ta zo Ingila ta koyi girman kai, ba ta amsa gaisuwa. Ke da kike gaida mai shara sau biyu. Tun daga nan duk taron da aka gayyace mu sai ki ce ƙafa ce.

Akwai wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, yau zan faɗa, ki yafe min. Kafin kowace salla sai kin kira ni ɗaki kin rufe ƙofa, kin juya min baya kin ce in duba miki zanenki, ko akwai abin da ya taɓa shi. Shekara saba'in kina tsare tsarkinki da idonki, sai ga shi kina tambayar 'yar cikinki. Ranar farko da kika tambaye ni muryarki ta yi ƙasa har sai da na matso. A gidan Yaya ba ki da wanda za ki tambaya, sai ki yi ta sauya zane sau biyar a rana, Anti Fa'iza tana mamakin yawan wankinki.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shiga fom ɗin.

Kuma ba fom ɗin kaɗai ba. A ranar likitan ido ma ya tambaye ki ko abin yana hana ki harkokinki, ta bakin Yaya dai, kika ba shi amsar da kika ba Baturiyar. Likita ya ce tun da ba ya damunki sosai, kuma ga hawan jini da ake so ya daidaita, a jira a sake dubawa kafin a yi maganar aiki. Yaya ya bugo min ya ce albishir, ba sai an taɓa idon Inna yanzu ba. Na ce alhamdulillahi. Na san abin da na sani, amma na ce ai likita ya fi ni sani.

Benen gidan Yaya kin san shi, ƙunci ga tsayi, kafet kala ɗaya daga sama har ƙasa, banɗaki kuma a sama. Sai bayan rasuwarki Anti Fa'iza ta gaya min tana ta kwashe kofin ruwanki a cike. Kin rage shan ruwa ne don kada ki yawaita hawa. Da safe ne kika zo saukowa, ƙafarki ta nemi matakalar da ba ta nan. Ƙashin ƙugu ya karye. Sati uku a asibiti, ƙirji ya kama, ranar Laraba Allah Ya karɓi abinSa.

Ajali ne, Inna. Na yi imani da wannan kamar yadda kika koya min. Ko da an wanke idon nan tas, ranar da aka rubuta ba za ta matsa ba. Ban ce wani ya kashe ki ba, kuma duk wanda ya ce na faɗa ya yi min ƙarya. Abin da nake cewa daban ne. Akwai takarda a wani ofis da ke cewa kin yi shekarunki na ƙarshe cikin jin daɗi, kuma ba haka ba ne.

A bayan fom ɗin akwai lambar waya. Kwana biyar ina kallonta. Na shida na kira, a tsaye a tashar bas ta Oxford Road, motoci suna ta wucewa, ina haɗa Turancina da kyar. Baturiyar ta yi min ta'aziyya, ta ce in zo.

Na ɗauki hutun kwana ɗaya na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham ni kaɗai. Ban gaya wa Yaya ba. Matar ta tarbe ni da mutunci, ta haɗa min shayi, kuma ta tuna ki. Ta ce ke ce mai murmushi mai farin mayafi. A takardunsu ba ki da suna, lamba ce, don a rufa wa mutane asiri. Ta nemo lambar ta buɗe.

Ta yi min bayani a hankali har na gane. Abu biyu suke haɗawa: abin da allo ya auna, da abin da mutum ya faɗa da bakinsa game da rayuwarsa. Naki allon ya nuna ido ya yi rauni ƙwarai, bakinki kuma ya ce babu abin da ya ragu. Ta ce irin wannan yana ba su sha'awa, don yana nuna akwai tsofaffin da suke sabawa da raunin ido su ci gaba da rayuwarsu lafiya, musamman waɗanda iyali suka kewaye su. Ta faɗa ne don ta faranta min.

Wato kawaicinki zai zama hujja. Za a rubuta a littafi, likitoci su karanta, gobe a kawo wata tsohuwa mai farin mayafi da ɗanta a gefe, a ce irin waɗannan suna jurewa, a sa ta a ƙarshen layi. Kin ce in dai zai amfani wani. Ga amfanin da za a yi da shi.

Na gaya mata komai. Inda Turanci ya ƙare min na yi da hannu. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari, ta ajiye biro tana kallona, ta ce ba ta taɓa jin haka ba. Ta ce a tunaninta babu wanda uwa za ta fi sakewa da shi kamar ɗanta. Na ce a wajenku ne haka. Na ga fuskarta ta yi ja, ta ce da sun dage a kan tafinta.

Ban ƙyale ta a nan ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na ce mata ko da ni ce na zauna a gefenki, rabin tambayoyin nan ba naki ba ne. Suna tambaya ko kina iya tuƙi da rana, ko kina iya karanta jarida, ko kina zuwa gidan kallo. Yaushe kika taɓa riƙe sitiyari? Ina tambayar Alƙur'ani? Ina tambayar zura zare a allura, da gane wanda ya yi sallama don ka san irin gaisuwar da za ka yi masa, da cin abinci a tire ɗaya da mutane ba ka san inda hannunka yake sauka ba? Ina tambayar tsarki? Na ce kun auna idon uwata daidai, amma rayuwar wata kuka auna kuka rubuta lambarta a kai. Ta rubuta duk abin da na faɗa. Wannan na yaba mata.

Sai na ce a gyara amsoshin. Ta ce ba za ta iya ba. Amsar mutum tasa ce, ba a sauya ta da maganar wani, ko da 'yarsa ce. Da farko na ji haushi, daga baya na ga gaskiyarta, don in ana haka kowa sai ya zo ya sauya na uwarsa. Ta ce hanya ɗaya ce take gani. In wanda ya yi tafinta, wanda kuma sunansa ke takardar a matsayin wakilin iyali, ya rubuto cewa yanayin da aka yi tambayoyin bai bar ki kin sake ba, za ta kai wa manyanta su duba a ware amsoshinki daga lissafin. Amma sai kafin su rufe su fara rubuta sakamako, kuma ta ce lokacin bai wuce 'yan watanni ba.

Daga nan na hau bas zuwa Sparkhill. Na sauka a Stratford Road na taka, na wuce shagon da kike sa a sayo miki kuɓewa kina cewa tasu ba ta da yauƙi. Na tarar da Yaya ya dawo daga aiki. Na durƙusa na gaishe shi yadda kika koya mana, Anti Fa'iza ta kawo abinci ta ba mu wuri.

Na shimfiɗa masa maganar tun daga kunun gyaɗa. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce shi bai ƙara ba bai rage ba, abin da kika faɗa ya rubuta, kuma Allah shaida ne. Na ce na sani, Yaya, ban ce ka yi ƙarya ba. Ya ce to me zai rubuta wa Turawa, cewa uwarsa maƙaryaciya ce? Na ce a'a, ka rubuta cewa mai kunya ce. Ya ce wannan tonon asirin gida ne, a bar mamaci ya huta. Na ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ya juya ya kalli benen. Sannan ya ce, "Rakiya, shekara hamsin da biyu ba ta taɓa kiran sunana ba, na haƙura, na ce al'ada ce. Ranar nan a asibiti ita ce rana ɗaya da na zauna kusa da ita na yi mata tambaya ta amsa min. Yanzu kin zo ki ce ita ma ba gaskiya ba ce."

Ban taɓa tunanin abin ta wannan gefen ba. Ni na samu cinyarki da hirarki da faɗanki, shi ya samu gefen mayafinki. Na kalli furfurar da ta fito masa a gemu na ga yaron da aka miƙa wa Goggo.

Amma ban janye ba. Na ce masa ina jin zafin da yake ji, kuma takardar dai sai an rubuta. Ya ce in tashi kada jirgi ya wuce ni. Shi ya kai ni tasha a motarsa.

Tun daga nan magana ta bazu a dangi. Saƙonnin murya suna ta shigowa daga Kano. Wannan ta ce in bar wa Allah. Waccan ta ce zaman Turai ya buɗe min ido, ina ƙanwa ina tuhumar yayana. Wata ta ce da karatun nawa na aji uku zan koya wa masu digiri aikinsu. Na saurari kowa na ce na gode. Na bar wa Allah ranki, don Shi Ya ba da shi Shi Ya karɓa. Takarda kuwa mutane ne suka rubuta ta, mutane za su gyara. Kuma ba sai na yi digiri ba kafin in san uwata ta daina karanta Alƙur'ani.

Yanzu saura ke, Inna. Ban taɓa ɗaga miki murya ba kina raye, ba zan fara yau ba. Amma kin yi kuskure. Kunyarki ado ce, na yarda, duk wanda ya san ki ya shaida. Sai dai akwai ɗakin da ba a shiga da ita. Kin zauna gaban masu magani kin ce lafiya lau don kada ɗanki ya ji rauninki, kika koma gidansa kina ƙin shan ruwa. Da kin ce a kira min Rakiya, kalma huɗu, da na bar aikin na taho ko a ƙafa. Na san abin da za ki ce. Za ki ce haka kika ga uwarki ta yi. Ni ma haka na ga tawa ta yi, kuma a nan zan tsaya. Na riga na gaya wa Amira, ita ce 'yar farina, ranar da idona ko ƙafata ta fara ba ni matsala ita za ta fara ji, da sunanta zan kira ta in faɗa mata.

A Islamiyyarmu ta ranar Asabar na tashi a gaban mata na ba da labarin nan. Na ce duk wadda uwarta ko surukarta ke nan, kada ta bar ɗan fari ko suruki ya zama bakinta a gaban likita, komai Turancinsa. A nemi mace, ko a karɓi tafintan da aka ba da, baƙon da ba za ta sake gani ba ya fi mata sauƙi. Wasu sun sunkuyar da kai. Bayan an tashi mata uku suka same ni a wajen takalma, kowacce da irin nata labarin. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Na kuma zauna na rubuta tambayoyin da ya kamata a ce an yi miki, da Hausa, a littafin makarantar Amira da ta gama da shi. Baban Amira ya juya su Turanci muka aika wa Baturiyar. Ta amsa ta ce za ta nuna wa abokan aikinta. Ban san ko za su yi amfani da su ba. Na dai aika.

Ina kewarki, Inna. Ina kewar yadda kike laluben fuskata da tafin hannu in na dawo daga aiki, ki ce na rame, alhali ba abin da na rage. Ina kewar faɗan da kike yi wa ruwan garin nan, kina cewa sama ba ta da aiki sai yoyo. Wani lokaci in lokacin salla ya yi sai in ji kamar za ki kira ni ɗaki. Da na san kwanakin kaɗan ne, da ban taɓa duba miki zanen nan cikin gaggawa ba.

Kada ki damu da ni da Yaya. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Duk Juma'a ina kiransa in gaishe shi, yana amsawa, yana tambayar yara. In na kawo maganar sai ya ce yana tunani. Na ce masa ba sai ya zauna tsarawa ba, na sa an rubuta masa layi huɗu, babu inda aka ce ya yi laifi, babu inda aka ce kin yi ƙarya. An ce ne kawai ke uwa ce, shi ɗan fari ne, kuma a wajenmu uwa ba ta kai kukanta gaban ɗan fari. Na aika masa ta gidan waya, Anti Fa'iza ta ce ta ga ya karanta ya saka a aljihun rigarsa.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya mayar miki da ganinki fiye da na ƙuruciya, Ya sa ki ga abin da ido bai taɓa gani ba a Aljannar Firdausi, ke da Baba. Allah Ya sanyaya zuciyar ɗan farinki, Ya sa ki kira shi da sunansa a can. Ni kuma Allah Ya yafe min ranar da na ce ina da aiki. Amin.

Har zuwa yau da nake rubuta miki, Yaya bai sa hannu ba, kuma lambarki tana nan cikin waɗanda aka ce idonsu bai dame su ba. Jibi Juma'a, zan sake kiransa.

'Yarki,
Rakiya